Muryar Walid a Teburin Mai Filashi

Tun da Rahila ta ji ƙaurin kunu ya cika gida, Inna kuma ba ta motsa ba, ta san yau ba lafiya.

Ta sauke tukunyar ta leƙa. Inna Maimunatu na zaune bakin ƙofar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, ƴar wayar nan a tafin hannunta. Ta danna, waya ta kawo haske, sunan kamfanin da ya ƙera ta ya fito fari fat, ya tsaya cak. Can ya ɗauke. Ya sake fitowa. Haka take ta yi tun da aka sauko daga sallar asuba, kamar mai shaƙuwa.

"Rahila, zo ki diba mani. Ta ƙi wucewa."

Rahila ta matso da sauri. Ta karɓa, ta cire batir ta hura ta mayar, ta yi duk ƴan dabarun da kowa ke yi. Ina! Suna ya fito, suna ya tsaya.

Wayar ba abin a zo a gani ba ce. Tsohuwa ce, bayanta ya tsage har an ɗaure da roba. Amma duk faɗin Madawa babu dukiyar da Inna za ta karɓa a madadinta, don muryar Walid na ciki.

Walid yayan Rahila ne, ɗan farin gidan. Ya tafi bida, wato neman kuɗi, Libiya bai kai ba, mota ta mutu musu a tsakiyar sahara. Ba gawa, ba kabari, sai labari da wani mutumin garin Buza ya kawo. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne saƙonnin murya da ya riƙa turowa daga Agadas kafin su shiga daji.

Kuma ka san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa amsa masa saƙo ko ɗaya ba. Har akwai wanda yake cewa cikin dariya, "Haba Inna, ko tari ki yi in ji!" A lokacin sai ta kau da kai ta ce a gaya wa yaron nan ya bar shiririta. Yanzu kullum da safe sai ta kunna wannan saƙon, ta kara a kunne, ta yi masa tarin.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," Rahila ta ce, alhali nata hankalin ya fi tashi. "Ba lalacewa ta yi ba. Akwai mai iya tada ta."

Ba ta faɗi suna ba. Ba sai ta faɗa ba, don Baba Hamani da ke shigowa daga zaure ya riga ya ji, ya kuma gane.

"Wa ke nan mai iyawa?"

Rahila ta sunkuyar da kai. Malamar lakwal ce fa, makarantar boko, aji guda ke rawar jiki in ta ɗaga murya, amma gaban Baba sai ta koma kamar kazar da ruwa ya daka.

Imrana ake nufi. Imrana ɗan garin Tabotaki, mai filashin waya, wato gyaran ƙwaƙwalwarta, a kasuwar Madawa, wanda ya daɗe yana son Rahila, ita ma take sonsa son da ba ya ɓoyuwa. Kwanan baya kawunnansa suka wanko ƙafa tun daga Tabotaki neman izini, Baba ya sallame su ko ruwan da aka kawo ba su sha ba. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ya rantse a kanta: masu wannan sana'a ɓarayi ke kawo musu wayar sata su wanke, sannan suna buɗe wayoyin matan mutane suna kallon hotuna. Wa ya gaya masa? Mansur.

Ga shi kuwa ya biyo bayan Baba, turarensa ya riga sallamarsa shigowa. Mansur ɗan ƙanwar Baba ne, mai lodin albasa zuwa Abijan, mutumin da ba ya iya gaisuwa sai yana kaɗa makullin mota. Shi Baba yake so wa Rahila. Duk gidan mutum ɗaya ce ta hana a tsai da rana, ita ce Inna. Ita kaɗai ke cewa, "Malam, a bi a hankali, ɗiyar nan ba ta so."

Mansur ya duƙa ya dubi wayar, ya yi ƴar dariya.

"Inna, mi na wahala? Wagga ai ta ci kuɗinta. Kafin la'asar in kawo maki sabuwa dal a kwali."

Inna ta ɗago idanu jajur.

"Sabuwar da muryar yaron nan take zuwa?"

Makulli ya daina kaɗawa. Baba ya yi gyaran murya ya dubi ƙasa. Maganar Walid ba ta yi masa daɗin ji, don shi ya matsa masa da tafiya. Shi ya yi ta cewa sa'o'inka duk sun gina ɗakin siminti kai kana nan kana gadin garkar albasa. Bayan rasuwar, Inna ta daɗe ba ta haɗa ido da shi ba. Sai bana-bana ta koma kai masa ruwan alwala da hannunta.

"Gobe Mansur zai Tawa," Baba ya ce. "Shi tahi da ita, can akwai manyan masu gyara."

"Baba," Rahila ta ce, "in sunka yi mata filashi yadda sunka saba, komi zai goge. Ba su tambaya. Tashinta kawai suke so su gani."

"Ke kuma ina kinka koyo wanga karatu?"

Bai jira amsarta ba.

"Na sani. A teburin ɗan iskan can. To ki ji da kyau: wayar gidana ba ta zuwa hannunshi. Ke ma in na sake jin an ganki bakin rumfarshi, ni da ke ne."

Ya saɓa rawani ya fita tashar albasa, Mansur na biye.

Gidan ya yi tsit. Inna ta daɗe tana kallon sunan nan yana fitowa yana ɗaukewa. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani tsohon ƙyalle, ta naɗe wayar a ciki kamar mai naɗe jinjiri.

"Ungo. Kai mashi."

"Inna, Baba ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ni ba Tawa na sani ba, yaron na sani. Ki ce mashi amana ce. In ya maido mani ita da muryar ciki, ni zan tsaya gaban Malam, ko sama da ƙasa za su haɗe sai an ba shi ke." Ta riƙe hannun Rahila gam. "In kuwa ba ya iyawa, kada shi taɓa. Gara in riƙa kallonta haka, na san shina ciki."

Rahila ta zura hijabi ta fita. Duk wanda ya dube ta a hanya sai ta ga kamar Baba zai kai wa rahoto.

Rumfar Imrana na can layin masu waya, tsakanin wani tela da mai sai da caja. Ƴar rumfar kwano ce, da tebur cike da gawarwakin wayoyi, da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, wadda murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare da katako. Yana duƙe yana aiki ya ji inuwa ta rufe shi. Da ya ɗago ya ga ko wace ce, sai da ƙaramin sukudireban hannunsa ya faɗi.

"Rahila! Mi ya kawo ki? Kin manta abin da Baba ya ce?"

Ta ajiye ƙyallen, ta warware, sai hawaye.

Ya gane wayar. Duk wanda ya san gidan Hamani ya san ta. Ya danna, ya ga abin da take yi, ya sauke numfashi a hankali.

"Inna lillahi. Sai da na roƙi Inna ta bar ni in kwashe saƙonnin nan in aje mata wani wuri. Ta ce ba ta iya rabuwa da ita ko na shan ruwa."

"Yanzu ga ta ta rabu da ita, ta ba ka. Imrana, ka tada ta."

Ya jawo mata benci, shi ya tsaya daga nesa don idon mutane.

"Saurara in gaya maki gaskiya. Kayan da ke ciki suna nan. Abin da ke tada wayar ne ya lalace. Filashi iri biyu ne. Akwai wanda za ka share komi ka zuba sabo, shi kowa ke yi don ba shi da wuya. Akwai kuma wanda za ka sake mata abin tashi kawai, ka bar ma'ajiyarta ba ka taɓa ba."

"To ka yi na biyun."

"Na biyun sai an samu nata na asali, daidai da daidai. In ya kuskure kaɗan, ko wani abu ya katse aikin a tsakiya, shi ke nan. Ko ta tashi, wayam za ta tashi." Ya girgiza kai. "Rahila, in wayar wani ce da tuni na jona. Wagga ba waya ba ce. Tsoro nike ji."

"Ni ba na ji? Tun safe ko ruwa ban sha ba!" Ta fashe da kuka sosai, tana toshe baki da hijabi. "Gobe Yaya Mansur zai tahi da ita Tawa. Ka san abin da za su yi mata. Inna ta ce in ka maido mata da muryar, ita za ta tsaya mana gaban Baba. Ba mu da kowa sai ita, Imrana. Ba mu da kowa!"

"In kuma ta mutu a hannuna?"

"Ba ta mutuwa."

"In ta mutu hwa? Da wane ido zan dubi Inna? Matar da ke aiko mani da fura a ɓoye? Ki yi tunani. Yanzu Baba kaɗai ke ƙina. In na kashe mata murya, har ke sai kin ƙi ni."

"Ni? Ni in ƙi ka?" Ta ɗago fuska sharkaf. "Na sha zagi saboda kai, na sha gori, ƙannen Baba sun daina amsa gaisuwata. Duk ban ƙi ka ba sai yau? In kana tsoro ka ce kana tsoro, in ɗauki abata in kai wa Yaya Mansur, in ce mashi ga waya ga ni, shi haɗa duka shi tahi da su!"

Wannan magana ta soke shi. Idanunsa suka kawo ruwa. Kaico, so bai bar wa namiji jarumta ba.

"Kada ki sake faɗin haka," ya ce a hankali. "Miƙo ta."

Ya buɗe bayanta ya karanta ƴan rubuce-rubucen ciki. Ya shiga bidar abin tashinta na asali a intanet. Rezo kuwa, sabis ɗin intanet, ranar kamar da gayya, ya kawo ya ɗauke, ya kawo ya ɗauke. Ya samo ɗaya ya ce ba shi ba ne. Ya samo wani ya ƙura masa ido, ya ce kama ce kawai. Rahila na zaune tana murza yatsu, duk babur ɗin da ya wuce sai ta waiga. Rana ta take tsaka, kwanon rumfa ya fara gasa su. Sai can ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga nata."

Bai fara ba. Ya dubi ƙwan lantarkin da ke reto a saman rumfa, ya ga yana lumshewa.

"Wutar kuran ɗin nan ban yarda da ita ba, batirin ordinata kuma ya tsufa." Ya leƙa wurin tela. "Maigida, don Allah tada mani injin wutarka, zan zuba maka mai."

Tela ya tada inji, ƙara ta cika layin. Imrana ya mai da ordinata kan wutar inji. Ya buɗe abin aikinsa, jerin ƴan akwatuna suka fito, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya cire alama daga kan na ma'ajiya. Ya duba ya sake dubawa. Ya goge tafin hannu a riga.

"Kin ga igiyar nan? Daga na jona ta, wani layi zai fara tafiya a nan ƙasa. Har shi kai ƙarshe, ko ƙuda kada shi sauka a kanta. In ta motsa, mun rasa."

"Bismillahi," Rahila ta ce.

"Bismillahi."

Ya jona. Wani jan layi ya gilma, sannan rawaya ya fito daga gefen hagu ya fara rarrafe. Wayyo, wannan layi! Tafiyar hawainiya ma ta fi shi sauri. Rahila ta ƙura masa ido har hawaye suka bushe mata. Duk addu'ar da ta sani ta karanta, ta koma farko. Inji ya yi tari, su duka biyu suka zabura. Ya ci gaba, suka sauke numfashi tare.

Layi ya wuce rabi.

"Shina tafiya daidai," Imrana ya raɗa, murmushi na neman ƙwace masa. "Rahila, in Allah ya yarda yau Inna..."

Ƙarar inji ce ta hana su jin tsayuwar mota.

"To! Ga su nan, Kawu. Ni dai na gaya maka na ga wucewarta."

Muryar Mansur ce. Rahila ta juya. Baba Hamani na tsaye bakin rumfa, rawani ya karkace, ƙirji na sama da ƙasa. Masu shaguna sun fara leƙowa.

Imrana ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi in ya ga uban yarinyar da yake nema. Ya tashi daga kujera, ya zagayo, ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da rana, Baba."

Tebur ya zama ba mai tsaro.

Baba ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan wayar, da igiyar da ta shiga cikinta ta haɗe da ordinata. A ganinsa ga abin da Mansur ke faɗa nan ƙiri-ƙiri, ana zuƙe asirin gidansa rana tsaka.

"Har da ta mamaci ba ku bari ba?"

Ya miƙa hannu.

"Baba, kada!" Rahila ta ƙwalla ƙara.

"Baba, don girman Allah, dakata kaɗan!" Imrana ya ce daga durƙushe.

Hannun Baba ya wuce ta gaban fuskarsa, kusa ƙwarai. Da ya so da ya cafke. Har hannunsa ya ɗaga, ya tsaya a iska. Yaya za a yi ya riƙe hannun suruki, a tsakiyar kasuwa, gaban jama'a? Wannan ɗan jinkirin shi ya gama komai.

Baba ya fizge igiyar.

Layin rawaya ya tsaya. Wani jan rubutu ya fito a fuskar ordinata. Tela ya kashe injinsa don ya ji abin da ake ciki, sai wurin ya yi shiru.

"Wuce mu tahi!" Baba ya daka wa Rahila tsawa.

Ba ta motsa ba. Ta zame daga benci ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Baba, ka kashe ta. Saura kaɗan ta tashi. Ka kashe ta."

"Mi kike faɗi?"

Ya danna wayar. Babu haske. Ya sake dannawa da ƙarfi, ya girgiza ta, ya kara a kunne. Ko sunan nan da ke fitowa da safe babu. Baƙi ƙirin.

Ya dubi Imrana. Karon farko ke nan da ya taɓa dubansa ido cikin ido.

"Kai. Mai da igiyar."

Imrana ya karɓa da hannu biyu. Ya jona, ordinata ta ƙi. Ya sake igiya, ya sake ramin jonawa, ya danne maɓallai, ya gwada wannan ya gwada wancan, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Baba na tsaye a kansa, ya manta da fushi, ya manta da ƴan kallo, bakinsa na motsi. Aka kira azahar ba wanda ya ji.

Daga ƙarshe Imrana ya janye hannu.

"Baba, an katse ta tana tsakiyar rubutu. Hanya ɗaya ta rage da za ta karɓa, ita ce a share ta duka. Za ta tashi. Amma ba da muryar ba."

"A Tawa hwa? A Yamai?"

"Ko ina ne, Baba."

Baba ya zauna a bencin da ƴarsa ta tashi. Dattijon da ke tsawa gida ya girgiza, ga shi ya ƙanƙance, rawani ya zame har kafaɗa.

"Ni na tura shi," ya ce, kamar da kansa yake. "Ni na tura shi ya mutu. Yanzu kuma ɗan abin da ya rage mata..." Ya rufe fuska. "Maimunatu ba ta yafe mani wanga. Wallahi ba ta ƙara kwana gidana."

Mansur ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Kawu, kai mi ka yi? Wa ya sa shi taɓa? Ba ka hana ba? Ai shi ya kashe ta."

"Ƙarya kake!" Rahila ta miƙe. "Kowa ya gani! Tela ya gani!"

"Rahila." Imrana ne. Ya dawo ya durƙusa inda yake ɗazu. "Bari. Gaskiyarshi. Baba, ku ce ni ne."

"Imrana, ka haukace?"

"Inna na da hawan jini, kin fi ni sani. In ta ji ni ne, za ta tsine mani ta huce, ni bare ne. In ta ji Baba ne, gidanku ya watse, ita kuma ba mu san abin da zai same ta ba."

"Mu hwa? Mu namu gidan hwa?" Kuka ya ci ƙarfinta. "Ita kaɗai gare mu! In ta juya maka baya shi ke nan, ka sani, ka sani sarai!"

"Na sani."

"To don mi?"

Ya naɗe wayar a ƙyallenta, ya miƙa wa Baba, kansa a ƙasa, hawaye na sauka a kan yatsun ƙafarsa. Baba ya karɓa. Bai ce na gode ba, bai ce a'a ba.

Suka shiga mota. Mansur na tuƙi, Baba na gaba da ƙyalle a cinya, Rahila na baya. Gaba kura, baya sayaki. Ta rantse a ranta sai ta faɗi gaskiya, kowa ya mutu shi ya sani. Da suka shawo kwanar gida ta hango ƙeyar Baba, furfura ta cinye ta, sai rantsuwar ta fara sanyi.

Inna na tsaye tsakar gida, tana jira. Ko girki ba ta ɗora ba. Ta ga Malam, ta ga Mansur, ta ga idanun Rahila. Ta miƙo hannu.

Ta warware ƙyalle. Ta danna. Ta jira. Ta sake dannawa.

"Da safe tana kawo haske," ta ce a hankali. "Da safe ko suna tana nunawa."

"Inna, sai haƙuri," Mansur ya yi caraf. "Yaron nan ne ya yi mata karambani. Ko da munka isa ya riga ya ƙone ta. Komi ya tahi."

Inna ta yi tangaɗi, ta dafa bango. Baba ya zabura zai tare ta, ya tsaya. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan ban tsoro.

"Malam, haka ne?"

Baba ya dubi ƙasa.

"Haka ne."

"A'a. Ku biyu dama ba ku son shi." Ta juyo, numfashinta na fita da ƙyar. "Rahila. Zo nan. Na ce mashi in ba ya iyawa kada shi taɓa. Kin gaya mashi?"

"Na gaya mashi, Inna."

"Ke ba ki taɓa yi mani ƙarya ba. Dube ni. Shi ne?"

Rahila ta ɗaga kai. A bayan Inna, Baba na kallonta. Ba harara, ba tsawa. Roƙo ne tsirara a idon dattijo, irin wanda ɗa bai kamata ya gani a idon ubansa ba. Ta dubi Inna, ta ga jijiyar wuyanta na harbawa, ta ga hannun da ke dafe da bango na zamewa.

Kalma ɗaya ce tsakaninta da Imrana. Ta san wadda za ta faɗa ta same shi, ta san abin da za ta rushe.

"Shi ne, Inna."

Inna ta lumshe ido. Sai yanzu hawaye suka zubo. Ta rungume matacciyar waya a ƙirji, ta daɗe a haka, sannan ta yi magana ba tare da ta buɗe ido ba.

"Malam, ka yafe mani, kai ka fi ni gani. Ka kira ƴan'uwanka a tsai da ranar Mansur."